Yaron da ya kwance rediyo ba ɓarna ya yi ba

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake kan maganar yaron layinmu na jiya. Ƴar fanka yaron ya haɗa da hannunsa, kawunsa ya tattake ta da ƙafa: kwalin taliya, ƴar motar da ke juya kaset da yaron ya ciro daga mataccen rediyo, batir Tiger biyu da ya ɗaure da kyauro, farfela kuma da murfin bokitin fenti ya yanka ta. Fanka ce fa, kuma tana juyawa, da idona na ga tana kaɗa labule. Amma wai ɗan ɓarna ne, wai ya mai da ɗaki bola. To sannu kawu, Allah ya saka, ka ceci gida daga sharrin injiniya.

Yaron da ya kwance rediyo ba ɓarna ya yi ba, tambaya ya yi, bakinsa ne bai iya furta ta ba sai hannunsa ya yi. Ni ma ina aji huɗu na buɗe rediyon Baba ina neman mutanen da ke magana a ciki, na sha dorina har na gode Allah. Abin da ya cece ni wani dattijo ne mai gyara a Sabon Gari da yake bari na in riƙe masa waya yana ɗiga dalma, hayaƙin na shiga min ido ina jin kamar an naɗa ni sarki. Shi ya koya min karanta launukan jikin resista, ƴar abar nan mai rage ƙarfin wuta, shi ya fara damƙa min mitar auna wuta ya ce auna ka gani da kanka. Daga teburin nan nasa mai ƙafa uku da bulo na kamu, yau ga furfura ta fara fitowa ban warke ba.

Za ku ce ai wuta za ta ja shi. Wace wutar? Batir biyu bolt 3 ne kacal, ko ƙuda ba zai kashe ba. Ta jikin bango mai 230 ita ce abin tsoro, kuma maganinta ka zaunar da yaro ka nuna masa bambancin, ba ka tattake masa kaya ba. Za ku ce ya yi karatu tukuna. Wannan ɗin me ye, tallan goro? Tun 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa don irin yaran nan, Jami'ar Bayero ma tana koyar da mekatronik, wato ilimin haɗa inji da lantarki da kwamfuta, amma mu a gida muna kashe abin tun yana tsiro sannan mu zo muna cewa yaranmu ba sa son lissafi.

Tankin gidana yanzu shi yake kashe sumo da kansa in ya cika. Ba tsafi ba ne, ƴar sensa ce a saman tanki take gaya wa Arduino, wani ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni, ruwa ya kai, layukan kodin da ba su kai ashirin ba su ba da umarni, makunni ya katse wuta, shi ke nan ba ambaliya a tsakar gida ba faɗa da uwargida. Allon nan a Italiya aka ƙirƙiro shi a 2005 saboda ɗalibai su yi wasa da shi, wasa fa! Kuma wannan tunanin ne dai yake tafiyar da injinan masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai, girma ne kawai ya bambanta. Na taɓa ganin inji ya kwana huɗu a tsaye ana jiran mai gyara daga Legas, alhali wanda zai iya yana nan a layinmu ana zane shi kan kwalin taliya.

Tsakani da Allah tausayi yaron ya ba ni, yadda ya durƙusa yana tsince wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya bai ko yi kuka ba. Na ce ya zo ran Asabar, akwai tsohuwar mita a durowata.

Wai ni kam dalmar da ake sayarwa yanzu me ake zuba mata ne? Ka ɗora ƙarfe minti guda ta ƙi narkewa, in ta narke ta dunƙule kamar tuwon jiya. Wanda ya san inda ake samun ta kirki a cikin gari don Allah ya yi min kwatance.