Tazarar Samu Tsakanin Jama'a Tana Riƙe Ƙafar Bunƙasar Yankuna

Tun shekarar 1955, lokacin da masanin tattalin arziki Simon Kuznets ya gabatar da hasashensa cewa tazarar da ke tsakanin masu hali da marasa hali takan faɗaɗa a farkon bunƙasar ƙasa, sannan ta ragu daga baya, gwamnatoci da dama suka samu hujjar naɗe hannu. Bayan shekaru goma, wani masanin tattalin arzikin, Jeffrey Williamson, ya nuna cewa haka abin yake tsakanin yankunan ƙasa ɗaya. A ganina an ɗora wa wannan hasashe kayan da suka fi ƙarfinsa.

Masanin tattalin arziki Gunnar Myrdal ya fi kusa da gaskiya a 1957, da ya bayyana cewa yankin da ya riga ya yi gaba yakan janye jari da ƙwararru da matasa masu ƙarfi daga yankin da aka bari a baya. Idan kuma a cikin yankin da aka bari ɗin dukiya ta taru a hannun 'yan tsiraru, lamarin yakan ƙara muni. Talaka ba shi da rarar da zai sayi abin da masana'anta ke sarrafawa, don haka mai jari ba ya ganin kasuwar da za ta sa ya kafa masana'antar a can. Banki ba ya ba shi rance saboda ba shi da abin jingina, ɗansa kuma yakan bar makaranta da wuri domin neman abin kaiwa baki. Shi kuwa mai kuɗin yankin, ajiyarsa da hannun jarinsa suna babban birni. A 2011 masu bincike na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, Andrew Berg da Jonathan Ostry, sun gano cewa bunƙasa ta fi ɗorewa a ƙasashen da tazarar samu ba ta da faɗi.

Italiya ta gwada magance matsalar da zuba kuɗi. A 1950 ta kafa asusu na musamman domin raya kudancinta, aka shimfiɗa hanyoyi, aka kai ruwa, aka gina manyan masana'antu, har aka rufe asusun a 1984. An samu ci gaba, musamman a shekarun farko, amma har yau abin da mutumin kudu ke samarwa bai kai kashi biyu cikin uku na takwaransa na arewa ba, kuma matasan kudu masu digiri suna ci gaba da ƙaura.

Koriya ta Kudu ta faro daga tushe. A daidai wannan shekara ta 1950 ta soma raba gonakin manyan masu ƙasa ga manoman da ke noma su, ta kuma matsa wajen sa yara makarantar firamare. Ban ce Koriya ta kuɓuta daga rinjayen birni ɗaya ba, domin kusan rabin al'ummarta na zaune a Seoul da kewayenta. Sai dai lokacin da masana'antu suka taso a garuruwa irin su Ulsan da Pohang, 'ya'yan manoman nan sun riga sun iya karatu da lissafi, kuma su ne suka cika ɗakunan aikin.