Mawaƙin da rumbunsa ke ciyar da shi

Tun kaka da kakanni, makaɗi a ƙasar Maraɗi da ubangidansa yake tafiya. Sarki ko attajiri ya ba da riga da doki, makaɗi ya biya da kirari. Yau ubangidan ya sake kama: ko ɗan siyasa, ko ƙungiyar da ta zo da kuɗi ta ce a yi mata waƙar faɗakarwa kan dashen itace. Ban raina wannan ba, kowa da inda yake samun tuwonsa. Sai dai waƙar kwangila, ranar da kuɗin suka ƙare ita ma ranar take mutuwa.

Shi ya sa hankalina ya fi karkata ga samarin da ba su da kowa a bayansu. Su tara 'yan kuɗinsu su shiga situdiyo, su yi waƙa kan saran daji, tsadar hatsi, tafiya cirani, da ledar da ta cika magudanan ruwa duk da dokar hana ta da aka kafa tun 2014. Da ruwan farko ya sauka, wasu cikinsu sai su koma ƙauye su ɗauki hauya. Mutane na cewa waƙar ce ba ta karɓe su ba. Ni kuwa gani nake gonar ce ta ba su baki. Wanda ke da gero a rumbu ba ya tsoron wani ya yi fushi da baitinsa ya hana shi abin cefane.

Mu a nan mun san yadda gyara ke yaɗuwa. A 1983, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki a yankin nan, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. A zaɓi reshe mafi ƙarfi a bari, a datse sauran, shi ke nan sassabin zamani. Bayan yunwar 1984 abin ya kama, har masu bincike suka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba jawabi ya kai shi gona-gona ba. Manomi ne ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya ga geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi kauri, domin gawo da damina yake zubar da ganye, ya ba ƙasa taki, ya bar wa shuka rana. Gani ya kori ji.

To haka mawaƙi. In ya ce a bar kalgo da sabara su tashi, tsohon da ke saurare a rediyo zai tambaya: ɗan wane ne, yaya gonar gidansu take? In amsar ta yi daɗi, waƙar ta shiga.

Abin da ke damuna mu ne masu saurare. Mu ba mai tura waƙa a kasuwa kuɗi ya cika mana waya, mu watsa ta WhatsApp, wanda ya rera ko dala ba ta kai gare shi ba. Ranar 3 ga Agusta, da za a fita dashen itatuwa, a gayyaci waɗannan samari, a biya su kuɗin wasa a hannu, kuma kada a ce sai sun sa sunan kowa a waƙar.