Amurka: Inda ya kamata ɗalibai 'yan tsiraru su nemi tallafin karatu yanzu

Tun daga ranar 29 ga Yunin 2023, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a shari'ar da aka yi da jami'ar Harvard da ta North Carolina, neman tallafin karatu ya sauya salo ga 'ya'yan baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da sauran 'yan tsiraru. Hukuncin ya tsaya ne a kan ɗaukar ɗalibai, amma tasirinsa ya kai ga kuɗi nan da nan: a jihar Missouri babban lauyan gwamnati ya umurci jami'o'i su daina duba launin fata har a rabon tallafi, jami'ar jihar kuma ta bi umurnin. A 2025 ita ma gidauniyar Gates, wadda ke ɗaukar nauyin ɗalibai 300 duk shekara, ta cire sharaɗin launin fata daga shirinta.

A ganina, ɗalibin da har yanzu yake ɓata dare yana laluben tallafi mai ɗauke da sunan "'yan tsiraru" a intanet ya bar babbar ƙofa yana ƙwanƙwasa taga. Kuɗi mai kauri yana bin ƙarfin aljihun iyaye ne, kuma hanyarsa ita ce takardar neman taimakon gwamnatin tarayya da ake kira FAFSA. Cika ta kyauta ne, galibi ana buɗe ta ranar 1 ga Oktoba, kuma da ita ake tantance wanda ya cancanci tallafin Pell, shirin da aka kafa a 1972 wanda daga baya aka sa masa sunan Sanata Claiborne Pell. Mafi yawan abin da ɗalibi zai samu a zangon 2025 zuwa 2026 shi ne dala 7,395, kuma ba bashi ba ne, ba a biya. Jihohi da dama da jami'o'i suna dogara da wannan takarda wajen rabon nasu kuɗin, wasunsu kuma wanda ya riga zuwa shi ke samu, don haka jinkirin wata biyu yana iya jawo asarar dubban daloli. Sharaɗin shi ne mutum ya kasance ɗan ƙasa, ko mai takardar zama ta dindindin, ko ɗan gudun hijira da makamantansu; wanda ya shiga da bizar karatu ba ya cikin lissafi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda iyalai masu ƙaramin ƙarfi suke tsorata da farashin da manyan jami'o'i ke rubutawa, har su hana yaro gwadawa. Harvard ta sanar a 2025 cewa ɗan gidan da kuɗin shigarsa bai wuce dala 100,000 a shekara ba zai yi karatu kyauta, har da masauki da abinci, kuma wanda gidansu bai wuce dala 200,000 ba ba zai biya kuɗin makaranta ba. Jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT ma ta ɗauki irin wannan mataki. Shiga waɗannan wurare yana da wuya ƙwarai, amma ga yaro mai ƙoƙari ɗan direban tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, inda Hausawa da yawa daga Ghana da Nijar da Najeriya suka zauna, suna iya fin jami'ar jiha arha. Shirin QuestBridge ma an gina shi ne don haɗa irin waɗannan yara da manyan makarantu.

Tsoffin gidauniyoyi suna nan, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Asusun tallafin karatun baƙaƙen fata na UNCF da Frederick Patterson ya jagoranci kafawa a 1944, da asusun Thurgood Marshall na 1987, suna taimakon ɗalibai musamman a jami'o'i kusan 100 da aka gina tun asali domin baƙaƙen fata, irin su Howard da Spelman. Sai dai a ɗauke su a matsayin ciko bayan an gama da FAFSA, a kuma karanta sharuɗɗan bana, domin na bara mai yiwuwa sun canja. Duk wanda ya ce a biya shi kafin ya samo tallafi, a guje shi.

Masu goyon bayan hukuncin kotu suna cewa rabon da ya dogara da talauci ya fi adalci, tunda ɗan talaka farar fata ma yana buƙatar taimako. Akwai gaskiya a cikin wannan. Inda hujjar ta gaza shi ne ta ɗauka cewa albashi da dukiya abu ɗaya ne. Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai kusan dala 285,000, ta gidan baƙar fata kuwa kusan dala 45,000. FAFSA ba ta ƙirga gidan da iyali ke zaune a ciki, ba ta ƙirga ajiyar fansho, alhali a nan ne babban kaso na wannan tazara yake. Iyalai biyu masu albashi ɗaya za su samu tallafi ɗaya, amma ɗaya yana da gidan da zai jingina idan abu ya yi tsanani, ɗayan kuwa sai ya ci bashi. Bashin karatu na tarayya ya riga ya haura dala tiriliyan 1.6, kuma ga iyalai Musulmi masu gudun riba, wannan mafita ce da da yawansu ba za su yarda da ita ba.

Saboda haka idan takardar tayin taimako ta iso daga jami'a, a zauna a rarrabe kyauta da bashi layi-layi, domin wasu makarantu suna jera su tare kamar abu ɗaya ne. Idan mahaifi ya rasa aiki ko rashin lafiya ta cinye abin hannu bayan shekarar harajin da aka yi lissafi da ita, dokar tarayya ta bai wa jami'in tallafi na makaranta ikon sake duba lissafin, kuma wasiƙa da takardun shaida ne kawai ake buƙata kafin a nemi hakan.