Kowace ƙasa da itacenta: gyara ga masu yaƙi da hamada

Duk wanda ya taɓa bin hanya daga Kano zuwa Agadas yana lura da daji ya san cewa itatuwa ba sa tsayuwa inda suka ga dama. A kewayen Kano, inda ruwan shekara kan kai milimita 800 ko ya ɗara, ɗorawa da tsamiya da kuka ne ke cika ido. Da an wuce Babura an shiga ƙasar Magarya, sai gawo ya karɓi sarautar gonaki, goriba kuma ta bi kwari da bakin fadamu. Bayan Damagaram, idan aka doshi Tanut, manyan itatuwa sai su fara janyewa, a bar aduwa da magarya da dakwara da anza, ƙarangiya kuma ta shimfiɗu a kan tudun rairayi. Kafin a isa Agadas, inda ruwan shekara ba ya kai milimita 200, kandili da jiga ne suka rage, su ma galibi a gefen koramu. Masana yanayin ƙasa sun daɗe da ɗaukar wurin da ƙarangiya ta daina fitowa a matsayin iyakar Sahel da Sahara, wato ciyawar da muke ƙi saboda tana maƙale wa tufafi ita ce ma'aunin da ake gane inda hamada ta fara.

Wannan jeri taswira ce da ruwa da ƙasa da zafi suka zana cikin dubban shekaru, kuma ra'ayina shi ne yawancin shirye-shiryen dashen itatuwa da ake yi a arewacin Najeriya da kudancin Nijar ba sa karanta ta. Kowace damina ana shirya biki, a gayyato manya, a faɗi adadin dashen da za a raba, amma idan ka leƙa wuraren renon dashe, abin da ya fi yawa shi ne darbejiya da turare, ɗaya 'yar Indiya, ɗaya 'yar Ostareliya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: irinsu na da sauƙin samu, suna tsiro da wuri, suna saurin girma, kuma cikin wata biyu ko uku za a iya ƙirga su a rubuta rahoto. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne nawa ne suka ga damina ta biyu.

Ba ina aibata darbejiya ba ne. Da wuya a sami gari a ƙasar Hausa da ba ya cin moriyar inuwarta, kuma a kwarin Majiya da ke jihar Tawa, layukan darbejiya da aka fara dasawa a 1975 sun kare gonaki daga iska. Wurinta shi ne cikin gari da bakin titi da harabar makaranta. Manomi dai ba ya son ta a tsakiyar gonar gero, domin tana yin inuwa daidai lokacin da shuka ke neman rana, turare kuwa shan ruwansa ya sa ba ya zaman lafiya da abin da ke kusa da shi. Mafi muni shi ne itaciyar Prosopis da aka kawo daga nahiyar Amurka don daure rairayi, wadda dangin ƙirya ce amma halinsu ya sha bamban. Ta mamaye wurare masu faɗi a gaɓar Tafkin Chadi, ta toshe hanyoyin jiragen masunta da wuraren kiwo, a Sudan kuwa sai da gwamnati ta ba da umarnin kawar da ita a 1995, bayan an shafe shekaru ana yaɗa ta da sunan yaƙi da hamada.

A kwatanta wannan da gawo. Gawo na zubar da ganyensa da farkon damina, ya tsaya tsirara lokacin da sauran itatuwa ke kore, sai rani ya shigo ya yi sabon ganye. Saboda haka gero na samun rana a ƙarƙashinsa, ganyen da ya zuba ya ruɓe ya zama taki, saiwoyinsa kuma suna ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, 'ya'yansa ne abincin awaki da tumaki da shanu, dabbobin da suka fake a inuwarsa kuma su bar kashinsu a gindinsa. Duk manomin Magarya ko Matamai zai nuna maka cewa zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo ta fi ta fili kauri. Ba banza ba ake ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun kafa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo.

Kowace itaciyar wannan yanki na da irin dabararta. Aduwa tana da ƙananan ganye masu kauri da ƙaya da rassa kore, ta yadda ko ganyen ya zube tana ci gaba da rayuwa. Anza ba ta rabuwa da ganye ko a tsakiyar bazara, kuma 'ya'yanta, bayan an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, sun riƙe gidaje da yawa a shekarun yunwa. Sabara da kalgo, waɗanda ake ɗauka ba komai ba ne, ko an sare su kowace shekara sai sun toho daga kututture, kuma binciken da aka yi a Senegal ya nuna cewa sabara kan jawo laima daga ƙasa mai zurfi da dare, ta saki wani ɓangare a saman ƙasa, geron da ke kusa ya amfana. Shahararriyar itaciyar Tenere, kandili guda da ta rayu ita kaɗai a tsakiyar rairayi ayari na yin alama da ita, an gano sirrinta ne lokacin da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, aka tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 har zuwa ruwa. Wata babbar mota ce ta kayar da ita a 1973, gawarta kuma tana gidan tarihi na Yamai.

An yi wani zamani da Sahara ke da ruwa da ciyawa, kimanin shekara 5,000 zuwa 11,000 da suka wuce, zamanin da aka sassaƙa raƙuman dawa a kan duwatsun Dabus da ke arewa da Agadas. A kan tsaunukan Abzin, irin su Bagzan da Tamgak, har yau akwai zaitun na daji da ya maƙale a wurare masu tsawo inda sanyi da ɗan ruwa suka ba shi mafaka, kuma da ƙyar ake ganin sabon tsironsa. Abin da wannan ke nuna mana shi ne tsirran wurare masu fari ba sa dawowa da sauƙi idan sun tafi. Tsohuwar aduwa ko kuka da aka sare a yi gawayi ba a maye gurbinta da dashe ɗari na wata itaciya dabam.

Hujja mafi ƙarfi da nake da ita ta fito ne daga gonakin Maraɗi da Damagaram. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa wajen dasa itatuwan waje a Nijar, mafi yawansu suka mutu. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kafin shuka toho ne daga kututturan itatuwa masu rai, waɗanda saiwoyinsu suka riga suka kafu a ƙasa. Maimakon a share su duka, sai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Manoma suka kira abin sassabin zamani, kuma yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada shi. Hotunan tauraron ɗan Adam da binciken da aka yi daga baya sun nuna cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da wurin renon dashe ko tankar ban ruwa ba. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga kakanninmu, domin barin gawo da ɗorawa a gona tsohuwar al'ada ce. Da tsohuwar zuma aka yi wannan magani.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata masu mulki su tsaya a kansa. Dokar gandun daji ta Turawan Faransa ta 1935 ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, har ya zama manomi na iya biyan tara saboda ya yanke reshen itaciyar da ke gonarsa. Wanda ya san itaciya za ta jawo masa malamin daji, hikimarsa ita ce ya tumɓuke ta tun tana ƙarama. Da aka sassauta wannan riƙo, har dokar Nijar ta 2004 ta ƙara tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen gonarsa, sai lissafi ya juya. Mutum na renon abin da ya san shi zai ci moriyarsa.

Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000, ya fara ne da tunanin jera dashe kamar katanga. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna cewa kusan hekta miliyan 4 kawai aka farfaɗo a cikin zirin ganuwar, alhali burin shi ne hekta miliyan 100 kafin 2030. Masu shirin da kansu sun koma maganar farfaɗo da ƙasa ta hanyoyi dabam-dabam, kuma wannan gyara ne mai kyau. A Najeriya, inda aka kafa hukumar shirin a 2015 don jihohi 11 na arewa, ya dace gyaran ya sauka har wurin renon dashe na ƙaramar hukuma.

Za a ce itatuwan gida ba su da saurin girma, talaka kuma yana buƙatar itacen girki yau. Gaskiya ne kuka da tsamiya na son haƙuri. Amma toho daga kututture yana girma da sauri fiye da kowane dashe, domin saiwarsa ta riga ta isa ruwa, kuma rassan da ake datsewa tun shekarar farko makamashi ne. Ga kuma kasuwa: ƙaron dakwara da ake tsinta a Yobe da Borno da Jigawa ana fitar da shi ƙasashen waje, bagaruwa ce ke riƙe da majema, kabar goriba ke ba mata tabarma da faifai, man aduwa da garin kuka da magarya duk kuɗi ne.

Abin da nake nema ƙarami ne idan aka kwatanta da kuɗin da ake kashewa. Kowace jiha ta rubuta jerin itatuwan da suka dace da kowane yanki nata bisa yawan ruwa da irin ƙasa, domin abin da zai rayu a Ɗorayi ba lallai ya rayu a Machina ba. A biya mata da matasan karkara su tara irin gawo da aduwa da dakwara da ƙirya daga itatuwan yankinsu, a tambayi tsofaffi da makiyaya sunayen itatuwan da suka ɓace daga dajinsu tun suna nan da ransu. A ba manomi tabbacin doka cewa itaciyar da ya rena a gonarsa tasa ce. Kuɗin ɗan kwangila kuma a riƙe wani kaso nasa sai an dawo bayan rani biyu an ƙirga abin da ke tsaye.