Sai a shafi na goma za mu san mace ce?

Abin haushi ne mai karatu ya cinye shafi tara yana bin mai ba da labari, "na tashi, na fita, na ji tsoro", har ya ɗora masa gemu da kakkaurar murya a zuci, kwatsam wani ya leƙo ya ce "ke, zo nan". Shi ke nan hoto ya rushe, sai a koma baya a sake gini.

Matsalar daga "ni" da "na" take, don ba sa nuna jinsi. Amma ai Hausa ta buɗe wa marubuci ƙofofi: "ka" ko "ki" a bakin wani, "ne" ko "ce", "gajere" ko "gajeriya". Jimla ɗaya a shafin farko ta wadatar: "ni ce auta." In kuwa da gangan ake ɓoyewa, to a tace kowace gaisuwa da kowane kira, kada "sannunki" ta kuɓuce a babi na biyu.

Wasu kuma garin gyaran gira suke rasa ido: su tsayar da jaruma gaban madubi, sakin layi guda tana yaba hancinta da gashinta. Wace mace ce ke ƙidayar gaɓoɓinta kowace safiya? Jarumi namiji kuwa da wuya ka ga an kai shi gaban madubin.