Ku bar baiwar Allah nan ta huta

Na ga abin da kuka rubuta a kan 'yar'uwarmu, mai aikin sauraro da kwantar da hankalin waɗanda yaƙin Sudan ya raba da gidajensu, jiya a rukunin WhatsApp, har yanzu zuciyata ba ta sauka ba. Don ta nemi hutun mako ɗaya shi ne aka ce ta watsar da mutane, har wani yana cewa mai lallashin wasu bai kamata ta gaji ba. Subhanallahi! Da ƙarfe aka ƙera ta?

Ni na zauna kusa da ita a makarantar nan ta garin Gadarif, a gabashin Sudan, da 'yan gudun hijira suka cika. Kan tabarma, ƙarƙashin rumfa, tun hantsi har la'asar sakaliya. Wata uwa ta ba ta labarin yadda ta rasa ɗanta a hanyar fita daga Wad Madani a Disambar 2023. Ba ta gama ba, ga yarinya tana jira, wadda ko murfin tukunya ya faɗi sai ta toshe kunne tana karkarwa. Duk ta saurara, ta daure fuska, ba damar kuka. Shayin da aka kawo mata da safe yana nan ya huce, ko kurɓa ba ta yi ba. Da dare kuma waya ba ta daina ƙara.

Kun manta ita ma gudowa ta yi? Tun da yaƙin nan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ba ta sake kwana a ɗakinta na Omdurman ba. Nata ciwon yana nan, ta ɗora na mutane a kai. Ta daina barci, ta rame, abu kaɗan sai faɗa, alhali da ba haka take ba. Ku bar ta ta huta.

Za ku ce ma'aikata sun yi kaɗan. Wa bai sani ba? Tun kafin yaƙi likitocin ƙwaƙwalwa 'yan kaɗan ne, yawancinsu a jihar Khartoum, kusa da asibitocin ƙwaƙwalwa na Tijani al-Mahi da na Taha Ba'ashar, yaƙi kuma ya tarwatsa su. To ai wannan ne dalilin da za a lallaɓa waɗanda suka rage. In ta faɗi, waye cikinku zai zauna kan tabarmar nan?

Masu cewa aikin lada ne ta yi haƙuri, ku ji tsoron Allah. Annabi (SAW) da kansa ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da hakki a kansa, kuma a kan yawan azumi da sallar dare ya faɗa.

Ku ma shugabanni ban ƙyale ku ba. Kun tara mu taron bita kuna koya mana jan numfashi, alawus ɗinmu kuwa wata da watanni shiru. Ku ba mu ranar hutu, ku rage yawan mutanen da ɗaya zai gani a yini, ku samo wanda mu ma za mu zauna mu amayar masa da abin da ke cinmu.

Af, matan da ke dafa abinci a takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka da ke bayan makarantar, sun ce gawayi ya ƙare, buhun adas (wani irin ƙananan wake) ma saura kaɗan. Mai hali ya leƙa su kafin Juma'a, don Allah.