Wata bakwai muna cewa zafi ne

Sai da na nemi izinin Yayana kafin in rubuta wannan. Ya ce in rubuta, amma ban da suna, ban da hoto. Mutanen Aboabo da Asawase a Kumasi da suka san gidanmu za su gane wanda nake nufi. Sauran kuwa, ku ɗauka yayanku ne, domin kusan kowane gida a Zango yana da irinsa.

Shekara kusan talatin yana jan babbar mota. Ya yi lodi a Tema, ya ratso Kumasi, ya bi Techiman da Kintampo da Tamale da Bolga, ya tsallaka Paga ya shiga Burkina. Duk wanda ya taɓa kwana a wannan hanya ya san babban abokin gābar direba da dare gyangyaɗi ne. Da abu uku Yaya yake yaƙarsa: goro, ataya, sigari. Tun yana yaron mota ya koya, a hannun maigidansa, wanda kan miƙo masa kara ya ce kunna mini.

Akwai shekarar da tari ya matsa masa, matarsa ta sa shi gaba, sai ya ce ya bar sigari. Abin da ya yi shi ne ya koma taba gari, wadda ake haɗawa da kanwa. Ya ɗebo da yatsa biyu, ya cusa tsakanin kunci da dasashi ta ɓangaren hagu, ya bar ta nan tana jiƙa har ya kai Kintampo. Mu kuwa muka yi ta murna. Ni da bakina na ce wa Mma, mahaifiyarmu, alhamdulillahi, Yaya ya bar taba. Babu hayaƙi, babu wari a riga, sai muka ɗauka an rabu da Bukar, ashe an haifi Habu. Daga baya ma sigarin ya dawo, ya zama yana haɗa biyun.

A daidai gurbin da yake ajiye tabar nan abin ya fara. Da fari wani farin tabo ne, kamar an ɗiga madara ta bushe, ko an goga da asuwaki ba ya fita. Jan goro ya rufe shi, ba wanda ya kula. Sai ya buɗe ya zama gyambo, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Abin da ya yaudare mu shi ne ba ya ciwo. Mu a wajenmu ciwon da ba ya hana barci ba ciwo ba ne.

Kowa ya ce zafi ne. Aka dafa bagaruwa ya kurkure. Aka ce ruwan gishiri, aka ce zuma. Wani mai kemis ya ba shi kafso na kwana biyar da shuɗin maganin nan da ake shafa wa yara a baki, ba tare da ya ce buɗe in gani ba. Ya shanye, ya koma, aka sake ba shi wani. Haka muka ci wata bakwai. A cikinsu yajin tsire ya fara ƙona shi har ya daina saye, kunnensa na hagu ya fara sara, wata kaluluwa mai tauri kamar dutse ta fito ƙarƙashin muƙamuƙi ta ƙi komawa, haƙori ɗaya ya fara girgiɗi.

Haƙorin ne ya kai mu asibiti, don a cire. Likitar haƙorin, Allah ya saka mata da alheri, ta haska fitila ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa ta taɓa gefen gyambon, ta lalubi wuyansa. Ta ce, Alhaji, yau ba zan cire haƙorin nan ba. Ta rubuta takarda ta tura mu Komfo Anokye, asibitin da tsofaffinmu har gobe suke kira Gii. Can aka yanki ɗan nama daga bakin gyambon aka kai ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito, likita ya sa aka rufe ƙofa, ya ce ciwon daji ne na baki, kuma ya riga ya taɓa kaluluwar wuya.

A hanyar komawa gida ba mu yi magana ba. Da muka sauka daga keke a bakin layinmu, ya zaro kwalin sigari da 'yar kwalbar taba daga aljihun gaba, ya jefa su a kwata. Kada wani ya ɗauka shi ke nan an gama. Satin farko kamar zai ci mu ɗanye. Ba barci, ga gumi, ga faɗa da kowa, hannunsa na zuwa aljihu da kansa ya dawo wayam. Nikotin cikin daƙiƙa kaɗan yake isa ƙwaƙwalwa bayan zuƙa, jikin da ya saba da haka shekara talatin ba ya saki da lallami. Amma likita ya riga ya gaya masa gaskiya tsirara: wanda ya ci gaba da shan taba yana jinya, ɗinkinsa ba ya saurin warkewa, gashin da za a yi masa da na'ura don ƙone dajin ba ya ci yadda ya kamata, kuma ƙofar wani sabon dajin a buɗe take. Bayan sati uku zuwa huɗu abin ya fara lafawa.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Mutumin da ya iya yar da taba a yini ɗaya, da ma zai iya. Bai rasa ƙarfin zuciya ba. Abin da ya rasa shi ne mutum ɗaya a cikinmu da zai zauna da shi ya gaya masa gaskiya tun bakinsa na lafiya. Mun yi masa kara, mun ce babba ne, ba a yi wa babba faɗa. Wannan karar ba ta amfane shi da komai ba. Ni ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sau da yawa ashanata ce ke kunna masa, domin ni ma ina sha a lokacin.

An yi masa aiki, an cire gefen kunci da dasashi da kaluluwar wuya. Kafin gashi sai da aka cire haƙoran da suka lalace, domin ƙashin muƙamuƙin da aka gasa ba ya son a zo ana cire haƙori daga baya. Aka ƙera masa wata fuskar roba mai huji-huji daidai kansa, wadda ake ɗaure shi da ita a kan gado don kada ya motsa. Litinin zuwa Juma'a, sati shida. Shigar ba ta fi 'yan mintuna ba, kuma ba ya jin komai a lokacin. A sati na uku ne abin ya nuna kansa. Bakin ya saluɓe gaba ɗaya, haɗiyar ruwa ta zama aiki, fatar wuya ta yi baƙi kamar an babbake.

Ku da kuke da lafiya, ba ku san darajar miyau ba. Ni ma ban sani ba. Gashin yana taɓa jijiyoyin da ke kawo shi, sai baki ya bushe ƙamas. Yaya ba ya fita ko ƙofar gida sai da gorar ruwa, da dare yakan farka sau uku sau huɗu harshe ya manne wa ganɗa. Ɗanɗano ya tafi, ya ce komai kamar kwali yake taunawa. Kokon da ya tashi da shi tun yarinta, mai citta da barkono, ya gagare shi, sai matarsa ta dama masa nasa daban, salam, ta bari ya huce. Ƙosai, wake da shinkafa da shito, tsire, goro, duk ya yi sallama da su. Tuwon zafi da miyar ayoyo ne suka riƙe shi, saboda santsin miyar na taimaka masa ya haɗiye. Mutumin da wandonsa ke matse shi sai ga shi yana ƙara huji a bel.

Amma duk wannan bai sa shi hawaye ba. Ranar da na ga ya yi kuka ita ce ranar da ya tsaya sallar asuba a ɗaki ya ji Fatiha ba ta fita daidai, muƙamuƙi ya ƙage, harshe ya yi nauyi, wasu haruffan sun ƙi zama. Ya ce da ni, ƙanena, bakin da zan gai da Ubangijina da shi na ƙona. Malaminsu ya zo ya kwantar masa da hankali, ya ce Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, ya karanta yadda ya sawwaƙa, azumin bana ma ya sha ya rama in ya samu sauƙi. Wannan ziyarar ta yi masa amfanin da ba zan iya misaltawa ba.

Ba duk masu zuwa dubiya ne suka yi haka ba. Wani zai zauna ya ce ai ƙaddara ce, ko ka sha ko ba ka sha ba abin da zai same ka sai ya same ka, ga wane ya shekara tamanin yana busawa. Wani kuma ya ce ai kai ka jawo wa kanka. Na farkon yana ba matasan da ke tsaye a bakin ƙofa lasisi, na biyun yana taka wanda ya riga ya faɗi. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba mu taɓa ganin direban da ya cire birki ya ce ya dogara ga Allah ba. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo daji. Tabar da ake cusawa a baki ita ma tana da nata, kuma ita kwana take yi a kan naman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum kusan 390,000 ne a duniya suka kamu da dajin leɓe da baki, kusan 188,000 suka rasu.

A layin gashi mun zauna da mutanen da suka taso tun daga Wa da Bawku, suna kwana a gidajen 'yan uwa a Zango, domin a lokacin na'urar gashi ta gwamnati a Kumasi take da Korle Bu a Accra. Cikinsu har da wata baiwar Allah da ba ta taɓa kusantar taba ba. Giya na jawo shi, musamman in ta haɗu da taba, akwai kuma ƙwayar cutar HPV da ke jawo na maƙogwaro, wani kuma ba a gano dalili. Don haka maganar duba baki ta kowa ce. Gyambon da ya wuce sati biyu zuwa uku bai warke ba, farin tabo ko ja da ba ya gogewa, kaluluwar da ta ƙi komawa, haƙorin da ya kama girgiɗi haka kawai, leɓe ko harshe da ya mutu ba ka jin sa, waɗannan sun fi ƙarfin mai kemis. A Amurka, inda ake bin lissafin, cikin mutum 10 da aka gano nasu bai yaɗu ba, fiye da 8 suna raye bayan shekara 5. In ya yi nisa a jiki, ba su kai 4 ba. Wata bakwai ɗin nan da muka ɓata, ina tuna su kullum.

Kuɗi kuwa ba a magana. Katin inshora bai ɗauke komai da komai ba. Filinsa ya tafi, 'yan uwa na Nima da abokan tasha suka yi ta turo abin da ya sawwaƙa ta MoMo. Allah ya biya su.

Ghana tana da doka. Tun 2012 dokar lafiyar jama'a ta hana shan taba a wuraren taruwar mutane, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma tun 2018 ake buga hotunan gargaɗi a jikin kwali. To amma wa ke ganin kwali a unguwarmu? Kara ɗaya ake saye a teburin mai shayi, kuma yaro ake aika ya sayo. Ga shisha ta shigo majalisun ataya, da ƙamshin tuffa da na'ana'a, har 'yan mata na ja, wai ruwa ya tace ta. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ka ƙara zuƙa da kyau. Ina roƙon limamanmu, daga babban masallacin Kumasi har na lungu, su ba wannan magana huɗuba guda cikakkiya, su kira taba gari da sunanta, domin iyayenmu mata da yawa ba su ɗauke ta taba ba.

Ni sai bayan wata huɗu da ganin halin Yaya na iya bari. A azumi na yi. Na ga tun asuba har magariba ina haƙura, sai a sha ruwa in riga dabino kai sigari baki. Na fara jinkirta shi zuwa bayan isha'i, sannan bayan asham, har na kwana ban sha ba. Majalisarmu na ƙaurace wa wata biyu, don na san in na zauna za a miƙo. Likitoci sun ce bayan shekara 5 zuwa 10 da bari, haɗarin dajin baki da maƙogwaro yana raguwa da rabi. Ina ƙirgawa.

Yaya ya bar hanya. Yanzu a tasha yake zama yana rubuta lodi, yana komawa asibiti a duba shi a ranakun da aka sa masa. Ya rage faɗa, ya rage dogon buri, 'yarsa ta ƙarshe shi ke raka ta makarantar allo da yamma, abin da bai taɓa yi wa manyan ba. Duk Juma'a bayan an sauko yakan kira ni ɗaki ya buɗe baki iyakar yadda zai buɗu, in haska fitilar waya in duba masa kunci da ƙarƙashin harshe.

Mma ce ta rage. Shekararta saba'in da wani abu, 'yar kwalbarta na ƙulle a bakin zane, ta ce tata ta ciwon haƙori ce. Juma'ar da ta wuce Yaya ya ɗauki wayar da kansa, ya durƙusa a gabanta ya ce, Mma, don Allah buɗe in gani. Ta daɗe tana kallon tabon ɗinkin da ke wuyansa, sannan ta buɗe. Ta yarda ranar Talata in kai ta wajen likitar haƙori.